Neman shawara: ƙaramin lambu na yara 'yan KG a Aboabo

Malama_Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar shuka. Ina koyar da 'yan KG a wata ƙaramar makaranta a nan Aboabo, Kumasi, yaran daga shekara 3 zuwa 5 ne, kuma abinda ke damuna shine yaran nan tun safe har a tashi suna cikin ɗaki ne, in sun koma gida ma gidan haya ne duk tsakar gidan siminti, sai waya da talabijin. Na tambaye su daga ina ayoyo yake fitowa, kusan dukansu suka ce daga kasuwa, wasu suka ce daga wajen mai tuwon zafi. Abin ya tsaya min a rai wallahi, garin da ake wa kirari da birnin lambu amma 'ya'yanmu na zango basu taɓa ganin kuɓewa a jikin uwarta ba.

Toh akwai wani ɗan fili a bayan ajinmu tsakanin bango da katanga, faɗinsa bai wuce taku 3 ba, tsawonsa kamar taku 8, rabi siminti rabi jar ƙasa mai tauri, rana tana samunsa daga safe zuwa wajen azahar sannan inuwar katanga ta rufe shi. Mai makarantar ya ce in yi abinda na ga dama da wajen amma kar in nemi kuɗi a hannunsa. Ni burina ba wai mu noma abin sayarwa ba ne, so nake ya zama wajen da yaro zai taɓa ganye da hannunsa, ya murza ya shinshina, ya ɗanɗana, ya ji ƙarar abu, ya ga launi, kuma a ƙarshe mu tsinki wani abu mu dafa mu ci tare. A intanet duk abinda nake gani furannin ƙasashen sanyi ne da ban san inda zan same su ba, kuma ko na samu ban ga alamar zasu jure ranarmu ba.

Akwai kuma yarinya ɗaya a ajin da bata gani sosai, sai ta kawo abu dab da idonta, ina so wajen ya zama nata itama ba ta tsaya gefe tana jin ihun 'yan uwanta ba.

Me zan shuka? A cikin me? Ina zan samu ƙasa mai kyau? Kuma me ya kamata in kiyaye saboda yara ne ƙanana, komai baki suke kaiwa. Na gode.

Baba_Mai_Lambu:

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da wannan tunani. Mu da muka yi makaranta zamanin mulkin soja na Acheampong, lokacin shirin nan na ciyar da kai da aka fara a 1972, makarantu da gonakinsu suke, kowane yaro da fartanyarsa, yanzu an bar abin ya mutu. Ni aikin lambu nake yi har yau, toh bari in faɗa miki abinda na sani.

Ki daina neman furen Turawa. Duk abinda kike nema yana cikin tukunyar miyarmu. Ki fara da alefu, domin yaro baya da haƙurin jira, shi kuwa alefu kwana 4 zuwa 5 ya tsira, sati 3 zuwa 4 kin fara tsinka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ki gauraya shi da yashi busasshe ki ba yaran su yayyafa, in ba haka ba zasu zube shi wuri ɗaya ya fito a cunkushe. Ki nemi ja da kore duka biyu, ga launi nan kin samu ba tare da sayen fure ba. Sai ayoyo, amma shi yana da taurin kai, in kika shuka irin haka nan sai ki yi ta jira rabi bai fito ba. Ki ƙulle irin a ɗan tsumma, ki tsoma a ruwan da kika sauke daga wuta yanzu yanzu, ki ƙirga zuwa goma ki cire, ki shanya a inuwa, washegari a shuka. Wannan ɓangaren ke kaɗai zaki yi a gida ba da yara ba.

Kuɓewa ki jiƙa irin ya kwana, sati ɗaya zai fito, wajen wata 2 kin fara ganin 'ya'ya, kuma kafin nan zata yi fure mai ruwan ɗorawa da jan ciki wanda yake buɗewa da safe, daidai lokacin da yaran ke zuwa. Ki bar 'ya'ya biyu uku su bushe a jikinta kar a tsinke, in sun bushe aka girgiza suna ƙara kacau kacau, ga abin ji nan, ga kuma irin zangon karatu mai zuwa. Yakuwa ma ki saka, ganyenta tsami ne yara suna so su tauna su yamutsa fuska, jar kuwa ita ke ba da abin da ake sobolo, wato zoɓo, da shi, sai dai bata fure sai wajen ƙarshen shekara in sanyi ya fara ƙaratowa, kar ki ga ta yi tsawo ba fure ki ce ta lalace.

Na ƙamshi kuwa ɗoɗɗoya, wadda Asante ke saka wa miyar kaza, sai na'ana'a, sai ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake dafa shayi da ita. Waɗannan ukun basa buƙatar ki sayi iri, reshe ko saiwa zaki roƙa wajen maƙwabta ki dasa. Na'ana'a ki ba ta mazubinta ita kaɗai don tana yaɗuwa ta cinye wajen kowa, kuma ita ce zata fi jin daɗin ɓangaren da inuwar katanga ke rufewa. Kuɓewa da yakuwa ki ajiye su inda rana ta fi daɗewa, kayan da ke yin 'ya'ya suna son rana kamar awa 6. Gindin albasa mai lawashi da kika yanka a kicin ma kar ki zubar, ki ba yaro ya cusa a ƙasa, kafin sati ya zagayo ya ga kore ya fito. In katangar tana da inda za a ɗaura igiya ki shuka soso guda ɗaya ya hau, ɗanyensa santsi, busasshensa kaushi, kuma yaran sun san shi a banɗaki zasu sha mamaki in suka ga ashe shuka ne.

Maganar mazubi, kar ki wahalar da kanki da haƙa wannan jar ƙasar. Buhun shinkafa da aka gama da shi, ki naɗe bakinsa, ki huda ƙasansa. Galan ɗin Kufuor, jarkar roban nan mai ruwan ɗorawa da ake ɗiban ruwa da ita, in ya fashe a yanka shi a kwance ya zama kwami mai kyau na alefu da ayoyo, su zurfin taƙi ɗaya ya ishe su. Kuɓewa da yakuwa kam sai buhu ko bokiti mai zurfi, ya kai santimita 30 ko fi, gindi ɗaya ko biyu a kowane buhu. Ledar piya wata kuma a yanke bakinta a huda gindi, kowane yaro ya samu tasa ya rena tsiro kafin a dasa.

Ƙasa kuma ki yi hankali da baƙar ƙasar da masu aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ke kawowa, wani lokaci daga tsohuwar bola ake kwaso ta, zaki tarar da fasassun kwalabe da tsohon batir da ƙusa a ciki. Ko daga ina ta zo ki tankaɗe ta da rariyar magina kafin hannun yaro ya taɓa. Ki haɗa kashi 2 na ƙasa, kashi 1 na yashi, kashi 1 na taki da ya ruɓe. Kashin kaji da aka kwaso daga gidan kaji gauraye da garin katako shine mafi sauƙin samu a Kumasi, amma ɗanye yana ƙona shuka, sai an tara shi an jiƙa an bar shi ya yi wata 2 ana juyawa har ya daina wari ya koma baƙi. In zaki iya shiga trotro, wato motar haya, ki je wajen masu lambu a Gyinyase kusa da jami'ar KNUST, da yawansu mutanen arewa ne, ki gaishe su ki faɗa musu na yaran makaranta ne, ba zasu hana ki ɗan iri da tsiro ba insha Allahu.

Maman_Biyu:

Sannu Malama, Baba ya gama magana a kan shuka, ni ɓangaren kiyayewa zan taɓa don aikin jinya nake yi kuma abinda nake gani kenan.

Abu na farko iri. Wake, masara, gyaɗa, irin kuɓewa, duk girman hancin yaro ne da kunnensa, kuma 'yan shekara 3 suna cusawa, ba wasa nake ba. Kar ki zuba iri a kwano ki ajiye musu, ki ƙirga ki ba kowa a tafin hannu, ki ga ya shiga ƙasa da idonki sannan ki wuce na gaba. Kuma irin da ake sayarwa a shagon kayan gona a cikin leda ko gwangwani, in kika ga an rina shi ja ko kore ko shuɗi toh magani ne aka shafa masa don kar ya ruɓe, wannan bai kamata yaro ya riƙe ba sam balle ya kai baki. Ki nemi irin gida wanda ba a shafa wa komai ba.

Na biyu ki zagaya filin da bayan katangar ki duba abinda ya riga ya fito da kansa. Zurman nan da 'ya'yanta ke kama da kaska, bini da zugu da ake shinge da shi, zaƙami, tumfafiya, da itacen nan mai siraran ganye da fure ruwan ɗorawa kamar ƙararrawa wanda ake shingen makarantu da shi a garin nan yana fitar da farin ruwa in an karya, duk guba ne, na ƙarshen nan ma 'ya'yansa zuciya suke taɓawa. In akwai ko ɗaya a kusa a cire shi tun kafin ki koya wa yara cewa ganye abin ɗanɗanawa ne. Kontomire ma, wato ganyen gwaza, duk da muna cinsa, ɗanye yana ƙaiƙayin baki da maƙogwaro, sai an dafa, ni dai da zaki ji tawa ki bar shi. Barkono kuma kar ki kawo shi wajen gaba ɗaya, yaro zai murza ya sosa ido. Ciyawar shayin da Baba ya faɗa tana da kyau amma gefen ganyenta yana yanka, ke zaki tsinko ki murza ki miƙa musu. Jikin kuɓewa ma yana da ƙaiƙayi in ta girma.

Doka ɗaya ki kafa tun ranar farko ki yi ta maimaita ta kamar karatun allo: ba a kai komai baki sai Malama ta wanke ta ba ka. Domin yaron da ya koyi tauna ganye a makaranta zai je ya gwada a bakin hanya.

Sai ruwa. Dan Allah kar a ɗebo daga kwata ko rafin Aboabo, kowa ya san abinda ke shiga ciki, kuma ganye ne da za a ci. Na famfo ko rijiya ko na sama da aka tara a rufe. Kar ki bar ruwa ya kwanta a bokiti ko faranti a ƙarƙashin shuka, sati ɗaya zuwa kwana 10 ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Ki ajiye bokitin Veronica, mai kan famfo a jikinsa, da sabulu a bakin wajen, in an fito kowa ya wanke hannu, kuma wanda ke da ciwo a hannu ranar ya zama mai ban ruwa kawai.

Dan_Sawaba:

Malama duk wannan shawarar tana da kyau amma babu wanda ya yi maganar awaki da kaji. A zango muke fa. Akuya ɗaya ta shigo ranar Asabar ta gama da aikin wata guda, kuma kukan da yaran zasu yi ranar Litinin ke zai dama. Kafin ki shuka ko ƙwaya ɗaya ki toshe bakin lungun, ko da tsohon gidan sauro ne da 'yan katakai, kafinta zai ba ki guntaye kyauta. Tsohon gidan sauron ma in kin rufa a kan alefu yana hana fara.

Sannan hutu. Wa zai yi ban ruwa in an tashi? Ni a ganina ki lissafa ki shuka a satin farko na komawa makaranta, zango ɗaya wajen wata 3 ne, alefu da ayoyo da kuɓewa duk zasu kai a ci kafin hutu. Kuma me ya sa ba a ambaci tsohuwar taya ba, ga su nan zube wajen masu faci, a yi musu fenti a cika da ƙasa, sun fi buhu ƙarko nesa ba kusa ba, buhu rana ke cinye shi ya yage.

Anti_Asawase:

Dan_Sawaba taya tana ɗaukar zafi sosai kuma ruwa na maƙalewa a cikin leɓenta, in za a yi amfani da ita a yanke leɓen sama a cika ta dam, a saka kayan kallo ko a mayar da ita wajen zama, na ci kuwa a bar su a buhu da galan, ra'ayina kenan.

Malama ni maganar yarinyar nan ce ta kawo ni, don ƙanwata haka ta taso kuma ni na rene ta. Abinda ya fi taimakon yaro irin wannan shine abu ya zauna inda yake. In kika jera buhunan yau kar gobe ki canza musu wuri, zata haddace da ƙafarta da hannunta cewa daga ƙofa taku biyu na'ana'a ce, gaba kaɗan ɗoɗɗoya, kuma zaki ga ta riga sauran gane su da hanci. Ki ɗaura igiya mai kauri a jikin bango daidai tsayin hannunta ta bi, ki yi ƙulli a igiyar daidai kowane buhu. Ki ɗora mazuban a kan bulo su ɗago zuwa ƙugunta don ta kawo fuskarta kusa ba sai ta durƙusa ba. Galan ɗin Kufuor ɗin ma alheri ne a nan, launinsa mai haske ne, wanda ke gani dishi dishi yana iya hango shi a kan baƙar ƙasa ko jikin bango.

Ƙasan wajen kuma tunda rabi siminti ne rabi ƙasa, ki ƙara ɗan wuri na yashi da wani na tsakuwa mai santsi ta rafi, ba ta fasasshen dutse mai kaifi ba, su taka da ƙafa bayan kin share kin duba. Ki rataya busasshen soso da ƙaramar ƙwarya da aka zuba wa tsakuwa aka toshe, iska na kaɗawa tana jin inda ƙarshen lambun yake. Kuma kar ki riƙe hannunta ki cusa a kan abu, ki faɗa mata tukuna, ga ganye nan mai gashi gashi, kina so ki taɓa? Wasu yaran ma masu gani lafiya basa son taɓa laka ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, kar a tilasta su, a basu cokali ko murfin gwangwani su fara da shi, da kansu zasu ajiye.

Ki ba ta aiki na gaske wanda kowa ya san nata ne, misali ita ce mai cusa yatsa a ƙasa kowace safiya ta faɗa wa aji ko buhu na son ruwa. Wannan aikin hannu ne ba na ido ba, kuma haka manyan masu lambu ma ke yi.

Abu ɗaya kuma, ki yi wa iyayenta magana cikin hikima su kai ta a duba idon, akwai sashen ido a asibitin Komfo Anokye. Wani lokaci tabarau ne kawai ake buƙata, kuma matsalar idon yaro an fi samun nasara in an kama ta tun yana ƙarami.

Malama_Aboabo:

Kai jama'a Allah ya saka muku da alheri, na kwafe komai a littafi. Maman_Biyu wannan itacen mai furen ƙararrawa akwai shi a bakin get ɗinmu wallahi, gobe zan nuna wa mai makaranta. Anti zan samu mahaifiyar yarinyar in ta zo ɗaukarta. Dan_Sawaba akwai mai gadi da ke kwana a makarantar, zan roƙe shi ya riƙa zuba wa na ƙamshin ruwa in mun tafi hutu, sauran kuma mu cinye kafin nan kamar yadda ka ce.

Baba saura tambaya biyu. Yaushe ya fi kyau mu fara, sai mun jira damina? Kuma in ƙwari suka faɗa wa ganyen me zan fesa tunda bana son maganin shago kusa da yara?

Baba_Mai_Lambu:

Ba sai kin jira ba ɗiyata, mai shuka a buhu da ban ruwa yake aiki. Amma mu a Kumasi damina biyu gare mu, babbar daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba, toh farkon ko wacce ya fi sauƙi don sama na taya ki. In ruwa ya yi ƙarfi ki tabbata hujin buhunan bai toshe ba kuma kar su zauna daidai inda kwanon rufi ke zubo da ruwa, zai tone irin. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, buhu na bushewa da wuri, sai a ba shi safe da yamma a rufa busasshiyar ciyawa a kan ƙasar. Ki huda murfin gorar ruwa da ƙusa ki ba yaran su yi ban ruwa da ita, in kika basu kofi zasu nutsar da tsiron.

Ƙwari kuwa a lambu ƙarami irin naki hannu ya fi magani. Kowace safiya ku juya ganye ku duba bayansa, tsutsa da katantanwa ki tsince su da kanki ki nuna wa yaran a cikin kwalba kafin ki fitar. In ƙananan nan masu mannewa a bayan ganye suka yi yawa, ki daka ganyen dogonyaro cikin hannu biyu, ki jiƙa a bokitin ruwa ya kwana, ki tace, ki ɗan narka sabulu kaɗan a ciki, ki yayyafa ranar Juma'a da yamma bayan an tashi, kafin Litinin ya yi aikinsa. Yana da ɗaci, saboda haka a bar kwana 3 zuwa 4 kafin a tsinka kuma a wanke sosai. Toka mai sanyi ma ana barbaɗawa a gindi kaɗan kaɗan. Ganyen da ƙwaro ya ɗan huda ba komai, ana ci.

Kar ki fara da yawa. Buhu 4 da galan 3 sun isa zangon farko, kuma ki shuka wasu 'yan ledoji na ajiya a gida, domin dole wani yaron zai tumɓuke nasa ya ga ko saiwa ta fito, sai ki bar shi ya kalla da kyau sannan ki ba shi wani ya dasa.